Guɗar Gidana Ranar da Depite Ya Rasu

Zuwa ga ƙanena Mamman, a Kwatano.

Ina lahiyarka, ina iyali, ina gajiya? Mu nan Kore Mairuwa lahiya lau, gero ya yi kai.

Albishirinka, ɗiyarka Hadiza ta haihu, namiji! Mata na cikin guɗa sai ga labari tsohon depite, ɗan majalisarmu, ya rasu, wanda ya raba garin nan biyu har rijiya ta zama ta jam'iyya. Mutanensa sunka ji guɗa daga gidana, sunka ce Arzika na murnar mutuwa. Samarinmu kuma sunka taho da ganga su taya ni.

Na kore su. Na ce ban manta ya hana mu ruwa ba, amma mai dariyar gawa, nashi likkafani na kasuwa. Na tahi gaisuwa, na gaya wa ƙanensa gaskiya. Ya ce, "Arzika mai taurin kai, barka!" Ranar suna shi ya riƙe mini ƙafar rago.

Guɗar ta jariri ce, Mamman. Sai dai ban ce su rage murya ba, Allah shi yafe mini.

Ka sa jikanka cikin addu'a, ka gaida Rabi da yara.

Yayanka, Arzika.