Turmin Mak Zaitun

Daren Laraba, watan Sha'aban, shekara ta biyu ta korona

Tun shekarar da ambaliya ta shiga shagunanmu na unguwar Masjid India har muka shanya atamfa a titi nake cin abinci a kedai, wato shagon abinci, na Mak Zaitun. Uwarta 'yar Sin, ubanta Ba'indiye, mijinta ɗan ƙasa, duk ta haɗa su a tukunya ɗaya. Duk yaron da ya sauko daga gida ya tambayi inda ake cin abinci a tsohuwar unguwa, can nake tura shi. Ban yi boko ba, amma harshena ba ya ƙarya.

Tunda aka hana zama a ci, ɗanta Hafiz ke miƙo mini ƙunshi ta ƙofa. Na sha gaya masa miyar kifin nan ta canza, sai ya ce, "Tsufa ne lah, Alhaji." In na ce ya gaida tsohuwa, ya ce za ta ji.

Yau na ga turminta na dutse, wanda take daka kayan miya da shi, a bakin ƙofa, an dasa kwalbar man wanke hannu a ciki. Na tsare shi da ido har ya sunkuyar da kai. Ashe ta rasu tun kafin Babbar Sallar da ta wuce. Wai in labari ya fita, ciniki zai mutu.

Ni ne ciniki? Matar da take ware mini kan kifi ko layi ya kai titi, ina ta aika mata gaisuwa tana kabari.

Gobe da sassafe zan je in tsaya masa a ƙofa, ba zan gusa ba sai ya kai ni inda aka binne ta.