Tafin Hannun Baba a Jikin Ƙyaure

Zuwa ga maigidana, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko mai sauka a kan busasshiyar ƙasa,

Lahadin da ka dawo daga ɗaukar hoton tsohon jirgin yaƙin nan ta ƙi barin zuciyata. Tun la'asar na ci ado, na laɓe bayan labule ina jiran ganin fuskarka idan ka hango ƙyauren gidanmu da sabon fentinsa ruwan hoda. A littattafan da nake karantawa, a irin wannan wurin ne miji kan yar da jakarsa ya ɗauki matarsa cak. Kai kuwa ka tsaya, kyamara rataye a wuyanka, ka ɗaga hannu za ka tura ƙyauren, sai hannun ya tsaya a iska yana neman inda zai sauka. Ka ce mini sannu da aiki. Daga nan ka zagaya ka shigo ta ƙofar kicin, kuma har yau ta can kake shiga da fita.

Masoyina, da wane baki zan faɗa maka cewa kishin tsatsa nake yi? Wace mace ce ke kishi da kango? Ni ce. Na so ka riƙa ɗaukar hotona a cikin furanni, iska na kaɗa mayafina, kamar matan da ke bangon littattafaina. Amma duk ranar hutu sai ka saɓi jaka ka tafi wajen rusasshen gidan silima, ko tankin ruwan da ya huje, ko benen da bishiya ta tsiro ta tagarsa, ka dawo fuskarka na haske kamar wata daren sha huɗu. Sai na ce a raina, bari in nuna masa daɗin sabon abu.

Ka tuna lokacin amarcinmu, da ka kai ni wajen jirgin? Yana kwance cikin ciyawa, tayoyinsa sun nutse a ƙasa, tsuntsaye sun yi sheƙa a bakinsa. Na sa fararen takalma, ina tafiya ina tsuke fuska. Ka kwanta ruf da ciki kana ɗaukar ƙusoshin fiffikensa, can ka kira ni ka nuna mini wani ɗan wuri ƙarƙashin kujerar matuƙi, inda fenti ya goge har ƙarfe yana sheƙi. Ka ce nan matuƙa suke dafawa su hau, kuma abin da kake nema ke nan a kowane hoto, inda mutum ya taɓa. Ni ko ina fifita da mayafi, ina tunanin ƙayar da ta kama mini zane. Da na saurare ka a ranar, ya hasken raina, da ban zo ina rubuta wannan takarda kaina a sunkuye ba.

Ƙanwarka ce ta buɗe mini ido. Ta zo ziyara, tun daga bakin titi take dariya, wai matar yaya ta mayar da gidan ubansu shagon sayar da alawa. Da ta matso kusa sai dariyar ta ɗauke. Ta tambaye ni ina hannun Baba. Ban gane ba, sai da ta zaunar da ni. Ashe Baba, Allah ya jiƙansa, idan ya dawo daga gareji hannunsa duk baƙin mai, ba ya taɓa mariƙin ƙofa, don kada Umma ta yi faɗan ya ɓata mata shi. Da tafinsa yake tura ƙyauren, wuri ɗaya kullum, tun kafin a haife ka har ya bar duniya. Baƙin tabon nan da na kira dauɗa, wanda na tsaya a kan mai fenti sai da ya kankare shi da samfefa tas, shi ne hannun mahaifinka.

Wayyo ni! Na je na tsaya gaban hotunan da ka jera a bangon falo, waɗanda nake maka tsiya wai ƙofa ɗaya ka ɗauka sau ba adadi. A hoton da ka ɗauka bayan ruwan sama, yatsun sun fito sarai, har da ɗan ƙaramin da ya karkace. Kullum ina share musu ƙura, ban taɓa kallonsu ba. Ina ma ƙasa ta tsage in shige.

Na koma wajen mai fenti ko akwai dabara. Ya ce ko ya kankare sabon fentin, farin katako kawai za mu tarar. Na dawo gida ina kuka a hanya kamar ƙaramar yarinya.

Da ka yi mini faɗa, da na sami sauƙi. Amma kana cin abincina, kana yi mini godiya, kana tambayata ko na gama littafin da nake karantawa, kuma shirunka ya fi mari zafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kyamararka, da ke kwance cikin durowa tun ranar. A kanta na ɗora wannan takarda. Idan kana karantawa, to ka buɗe durowar ke nan, kuma ina roƙonka kada ka rufe ta hannunka wayam. Jirginka na can cikin ciyawa yana jira. In ka yarda in bi ka, na ajiye fararen takalman.

Ba ni da ikon dawo maka da Baba, ya rabin raina. Abin da nake da shi hannuna ne, da shekarun da Allah zai ba mu tare, kuma duka naka ne har gashin kanmu ya yi fari. Na sauke hoton bayan ruwan sama, na kai shi bakin ƙofa na gwada, na gano wurin: sama kaɗan da tsagar katakon, daidai kafaɗarka. Ni sai na miƙa hannu kafin in kai.

Na daina taɓa mariƙin. Daga yau ta nan zan riƙa tura ƙyauren, ko hannuna da mai ko da sabulu, kuma ba za a sake yi masa fenti ba muddin ina raye.

Taka har abada,
Matarka.