Sunusi Ari Biyu, Injin Ban Ruwa Ɗaya

Malam Abdulmannan, a agaza mini da shawara kafin Juma'a.

Ni mai sayar da bandar kifi ne a Haɗeja, amma na ɗan taɓa boko, na kuma koyi haɗa manhaja. Wata ƙungiyar manoman shinkafar rani wajen Kirikasamma tana da injin ban ruwa ɗaya da ake karɓa-karɓa. Ni na haɗa musu manhajar rabon kwana, kyauta, don dai a san ni. Sakatariyarsu Zulaihat takan rubuta sunan mai kwana, manhaja ta tambayi rumbun bayanai, ta fito da gonar da za a kai injin.

Ga inda na yi yanke. Na sa tambayar ta nemo mutum da sunansa, in amsa ta dawo a ɗauki layin farko a wuce. Ban sa ta duba ko layi nawa suka dawo ba. Ashe Sunusi Ari biyu ne, 'ya'yan wa da ƙani, duka sunan kakansu suke amsawa, kuma waya ɗaya gidan ya bayar. Sau uku a kwanan ƙaramin injin yana sauka gonar babban. Shi kuma bai ga dalilin korar ruwa ba. Shinkafar ƙaramin ta fara ƙonewa, yana ta cewa Zulaihat ce ta yi son kai, don Sunusi babba abokin mijinta ne. Ran Juma'a za a zauna a sauke ta.

Shekaranjiya na gano. Gyaran bai kai minti goma ba, kuma ba wanda zai sani. Ga wata ƙungiya a Kaugama tana shirin karɓar manhajar. A kasuwa dai ban taɓa ganin mai tallan ƙwarin da ke cikin kifinsa ba. In gyara in yi shiru?

Mai Banda, Haɗeja

Mai Banda, kuskurenka ba na mugunta ba ne, kuma da yawa daga masu wannan sana'a sun taɓa yin irinsa. Tsoron rasa Kaugama ma ba wauta ba ce, mai yiwuwa ka rasa ɗin.

Fara da aikin. Ka ba kowane manomi lambarsa shi kaɗai, a riƙa nema da ita. Duk amsar da ta dawo, manhaja ta duba tukuna: in babu kowa ta faɗa, in mutum ɗaya ne ta ci gaba, in sun fi ɗaya ta jera su da gonakinsu sakatariya ta zaɓa. Ka kuma bincika sauran sunayen yau. A ƙasar da kowane gida ke da Muhammadu uku, da wuya a ce Sunusi kaɗai aka yi wa haka.

Shirun ne ba zai yi maka ba. In ka gyara a ɓoye aka sauke Zulaihat, rabo zai daidaita daga zuwan sabon sakatare, kowa ya ce ai ga shaida ita ce. Gyaranka ne zai tabbatar mata da laifin da ba ta yi ba.

Ka je zaman da wayarka, ka nuna layukan biyu a gaban mijinta da Sunusi ƙarami, ka ce aikinka ne. Ka nemi a ba ƙaramin kwanan babban na gaba, ko shinkafar za ta farfaɗo. 'Yan Kaugama kuwa gara su ji daga bakinka, ranar kasuwa ɗaya ta isa labari ya riga ka.

Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya wanke baiwar Allah nan.