Kwalbatin da Na Tura Abuja

Laraba, cikin Agusta, bayan isha'i

Barci ya ƙi zuwa. Yau Kawu Sale ya taso tun daga Toranke ya same ni a makaranta a Gaya, wai tunda ni ke koyar da darasin gwamnati, in nuna wa mutanen garinsu inda za su kai kuka. Ruwa ya cinye kwalbatin hanyarsu, ko amalanke ba ta wucewa. Jiya ma ɗaukar mai naƙuda aka yi aka tsallaka da ita.

Na gaji, ga yunwa. Kawai na ce, "Kawu, ai wannan aikin tarayya ne, sai Abuja."

Alhali na sani sarai hanyar ta jiha ce. Da bakina nake koya wa yara bambancin. Gudu nake kada a ce in yi musu jagora zuwa Kano.

Bai yi musu ba. Ya gyara hularsa ya ce, "To, ɗana, bari in ce wa mutane su haƙura. Wa muka sani a Abuja?"

Har albarka ya sa min, wai na hutar da su wahalar mota. Wannan albarkar ce ta hana ni barci.