Ƙusa Ta Goma Sha Biyu

Litinin, 3 ga Maris

"Ba za a harba ba sai kin gamsu, Ishbel. Na yi miki alkawari." Maganar Rennie ce, shugaban sashenmu na gwajin makamai, a watan Janairu, yana juya cokali a shayi. Yau ya liƙa sanarwa: ranar 17 za a harba tofido, makamin nan mai gudu cikin ruwa, daga jirgin ƙarƙashin ruwa, da nakiya ta gaske, a kan wani tsohon jirgi.

Ban gamsu ba. Bai tambaya ba.

Laraba, 5 ga Maris

Bari in rubuta shi dalla-dalla, don in tabbata ba hauka nake yi ba.

Kifi, kamar yadda muke kiran tofidon, yana fita da siririyar waya a bayansa, da ita ake juya shi daga cikin jirgi. Ba ya ɗana kansa sai ya yi nisan da aka ƙayyade. In waya ta tsinke, ya buɗe kunne ya bi ƙara. Duk wannan daidai ne. Amma a sabon tsarin, in ta tsinke da wuri, wani lokaci lissafin nisan yakan yi tsalle. Sai kifi ya ɗauka ya yi nisa, ya ɗana kansa, ya saurara. Wace ƙara ce ta fi kusa? Ta jirgin da ya harbo shi.

Sau biyu hakan ya faru cikin gwaji ɗari uku a ɗakin gwajinmu. Rennie ya ce, "Biyu ai ba adadi ba ne."

Na ce, "Yallaɓai, ƙafafunka ma biyu ne."

Alhamis, 6 ga Maris

Ruwan sama. Na gama karanta wani littafin tarihin haɗurran jiragen ruwa. Duk masu cewa ba komai, a tudu suke zaune.

Lahadi, 9 ga Maris

Al'adar wurinmu: ƙusar tsaron da ake zarewa daga jikin kifi kafin harbi, akan dawo da ita ga wanda ya sa hannu a takardar izini. Ina da sha ɗaya a kwalbar zuma. Ɗazu na zazzage su a tebur. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, kwalbar ko rabi ba ta kai ba.

Jerin sunayen ma'aikatan jirgin ya zo tun Juma'a. Torquil na ciki, shi ne babba a ɗakin harbi. Ƙanena. Shekara uku ba ma magana, tun da aka binne Mama yana can ƙarƙashin teku, ya aiko furanni bayan wata guda. Wannan bai canza lissafi ba. Mutum casa'in ne a jirgin, kowa da 'yar'uwarsa.

Talata, 11 ga Maris

Na gamu da Torquil a shagon soyayyen kifi da dankali na bakin tashar jirgin. Ya yi furfura, ba wanda ya gaya mini.

"Yaya, har yanzu kina cizon mutane?"

"Masu ɗanɗano kawai. Ka tsira."

Ya yi dariya irin ta Baba. Wai in ya zare ƙusar, da hannunsa zai kawo mini. "Ni ba na karanta takardunku. In na ga sunanki, sai in yi barcina."

Ban gaya masa batun gwajin ba. Ba ni da izini. Na ci dankalinsa rabi.

Laraba, 12 ga Maris

Takardar sa hannu tana kan teburina, Rennie har ya ɗora biro a kai. Na mayar masa da bironsa. Na ce na ba shi zuwa Juma'a, ƙarfe sha biyu na rana, ya ɗage harbin. In bai ɗage ba, zan ɗauki sakamakon gwajin nan biyu in gangara tasha in damƙa wa kyaftin ɗin jirgin hannu da hannu. Daga nan in ajiye katin shigata a ƙofa, tunda dai ƙwacewa za su yi.

Ya ce, "Saboda ƙanenki ne."

Na ce saboda mutum casa'in ne.

A hanyar gida na sayi naman rago na mutum biyu, na Lahadi. Torquil mai kitse yake so.