Kwalbar Fitsarin Nan Tawa Ce Kuwa?

Salama gare ku 'yan uwa. Admin ki ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, sati uku ke nan abin yana cina.

Ni ɗalibar nas ce, aji biyu, ina zaune a Narayi gidan yayata. Ina da ƙawa da zan kira ta Ladi, tare muke hawa keke kullum, tare muke karatu. Wannan zangon muna kan darasin ƙoda, yadda take tace jini, ta mayar wa jiki abin da yake buƙata, sauran ya sauka mafitsara ya zama fitsari. Malamarmu ta sha nanata mana cewa lafiyayyar ƙoda ba ta barin furotin ya tsallake, in aka ga da yawa a fitsari to akwai magana.

Ranar gwaji aka ce kowa ta kawo fitsarinta a 'yar kwalba mu auna da kanmu. Takarda muka manna da selotef, kowa da sunanta. Muna layi Ladi ta ce in kawo ta riƙe min in je in sa hannu a rajista, na ba ta. Da na tsoma tsinken gwaji a tawa sai ya rikiɗe ya koma kore shar, alamar furotin da yawa, nata kuwa fes. Malama ta ja ni gefe ta ce kada in tsorata, zazzaɓi ma yana sa haka, amma in sake gwadawa. Ranar kuka na yi har gida, Ladi ce ma take rarrashina.

Na je wani ɗakin gwaji a Kamazou, sau biyu, ba a ga komai ba. Daga nan na fara lura da Ladi. Da safe fatar idonta a kumbure, da la'asar ƙafarta kamar an hura, har ta daina sa farin takalminta ta ce wai ya tsufa. In na shiga bayi bayanta sai in tarar kumfar fitsarinta ba ta kwanta ba. Ga maganin ciwon jiki da take haɗiya kamar gyaɗa. Sai kuma na tuna selotef ɗin kwalbata a karkace yake, ni kuwa a miƙe na manna shi.

Da na tambaye ta cikin lalama, sai ta hau ni da faɗa, wai don na karanta babi ɗaya na zama likita, wai na mayar da ita munafuka, wai tsayuwa a ɗakin majinyata ce take kumbura mata ƙafa. Tun ranar sai gaisuwa. Jiya wata 'yar cocinsu a Mahuta take faɗa min ashe mamanta a kan wankin ƙoda ta rasu, Ladi ce ta yi jinyarta, kuma ba ta taɓa gaya min ba.

Ban gan ta da idona ta musanya ba, ƙila zargi ne kawai. In na kai wa Malama za a iya hukunta ta, in na gaya wa yayanta ta ce na tona mata asiri. In na yi shiru kuma, na san ƙoda ba ta ihu sai ta kusa ƙarewa. Haushinta nake ji, tsoro kuma nake ji mata. 'Yan uwa, in rasa ƙawancen, ko in zuba ido in rasa ƙawar?