Kwanon Gidanmu Ya Tashi, Ɗakin Inna Ya Tsaya

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya gina sababbin gidajen haya na bayan Ƙofar Kaura, Katsina.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina yi maka barka da ruwa. Ni ce Malama Hurera, mai koyarwa a firamare, matar Malam Sada akawu, mu ne a gida na ƙarshe a layin da ke kallon gabas. Ka yi haƙuri idan rubutun ya karkace, cikin tsoro da murna nake yin sa.

Na farko. Bara muka taso daga Ƙofar Marusa muka tare a gidanka, ina ta rawar jiki: ga siminti, ga fanka, ga famfo a tsakar gida, ga kwano yana ƙyalli. Surukata, Inna Daso, ta kwana biyu a ƙarƙashin kwanon ta ce ita ba za ta iya da zafinsa ba. Maigida ya ɗauko tsohon magini daga unguwarmu ta da, ya yi mata ɗakin ƙasa mai rufin azara a bayan gida. Watan jiya ofishinka ya aiko takarda cewa ɗakin yana ɓata tsarin unguwa, a rushe shi kafin damina ta wuce. Ba zan ɓoye maka ba, a lokacin ni ma na ga gaskiyarku, don kunyar ɗakin nake ji idan abokan aikina suka zo.

Na biyu, abin da ya faru ranar Alhamis. Maigida yana kwas a Kaduna. Bayan la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Na kwashe shanya, na kulle tagogi, na kashe wuta daga mita, na tara 'ya'yana mata biyu a falo, ina ganin na gama dabara. Sai iska ta iso, sai ƙanƙara kamar ƙwan zabo, tana dukan kwano har ba na jin kukan ƙaramar da ke goye a bayana. Inna ta shigo ta kife akushi a ka. Ta ɗaga kai ta ga silin yana yin sama yana dawowa, ta ce, "Mi kuke jira? Ku taho ɗakina, wanga ba rufi ba ne."

Muka rufa tabarma muka ruga. Ko zama ban gama yi ba na waiwaya ta ƙofa, wallahi da idona na gani: rufin gidanmu gaba ɗaya, da katakonsa da komai, ya ɗaga, ya tsallake katanga, ya tsinke wayar lantarki, ya faɗa gonar geron da ke bayanmu. Bangon falo ya zubo daidai inda muke zaune da farko. Gida shida ne a layinmu, biyar sun rasa rufi. Maƙwabta suka dinga shigowa ta ƙofar baya a jiƙe, har muka zama mu goma sha bakwai a ɗakin tsohuwa ɗaya. Wani ya miƙe zai koma ya ceto rediyonsa, Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ce babu mai fita sai iska ta kwanta, kuma ko ta kwanta kada wanda ya taka ruwan da waya ta faɗa ciki. Ɗigo ɗaya bai sauko mana ba.

A cikinmu akwai Ladi, matar maƙwabcinmu direba, cikinta ya tsufa. Firgita ta tayar mata da naƙuda. Bishiya ta tare hanya, ruwa ya cika titi, babu zancen asibiti. Da iska ta lafa aka fitar da maza daga ɗakin, Inna ta ɗaura ɗamara, don dama ungozoma ce tun tana Ƙofar Marusa. Ni na riƙe fitila. Ana kiran magariba yarinya ta faɗo da kukanta, lafiya lau, muka ɓarke da guɗa muna hawaye.

Na uku. Washegari maginin ya zo ya duba rufin da ke cikin gona. Ya nuna mini cewa ɗora katakon kawai aka yi a kan bango da 'yan ƙusoshi, ba a ɗaure shi da ƙarfe ba ko a kusurwa ɗaya. Wakilinka ya zo ya ce ikon Allah ne, ya shiga mota ya tafi. Iska ta Allah ce, ban musa ba. Amma ɗaurin rufi aikin mutum ne, kuma mutanenka ba su yi ba.

Saboda haka ina roƙonka, a sake mana rufi a ɗaure shi da ƙarfe kafin wani hadarin ya taso, don yanzu tamfol muka shimfiɗa a kan ɗakin kwana kawai. A duba sauran layukan da iska ta tsallake, su ma haka aka yi musu. A sa a ɗauke wayar nan da ke kwance a hanyar yara. A janye takardar rushe ɗakin Inna, kuma duk mai haya da ke son gina irinsa a bar shi.

Jibi Alhamis suna, kuma sunan Inna za a raɗa wa jaririyar. Muna gayyatarka da hantsi. Ka zo da hula mai tare rana, don a falona za a zauna.

Allah ya tsare ka da iyalinka, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Taka mai haya,
Malama Hurera